Kafin Kamfani Ya Sayi Manhajar Nazarin Bayanan Kasuwanci: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka zo mini a wannan karon yawancinsu a kan abu guda suke, wato manhajojin da ke tattara alƙaluman kamfani daga wurare daban-daban su jera su a allo ɗaya, domin shugabanni su ga yadda aiki yake tafiya. Masu sana'ar suna taƙaita sunan wannan fanni da haruffa biyu, BI, mu kuma a nan za mu kira shi nazarin bayanan kasuwanci. Na gajarta tambayoyin, na kuma cire sunayen masu su da na kamfanoninsu.

Tambaya: Malam, ni ne manajan wani kamfanin rarraba kaya mai rassa huɗu da ma'aikata kimanin sittin. Duk lissafinmu a Excel muke yin sa, kuma rahoton wata ba ya kammala sai an yi mako biyu da shiga sabon wata. Abokan aikina sun matsa mini mu sayi Power BI ko Tableau. Shin lokaci ya yi, kuma wanne ya fi?

Amsa: Ranka ya daɗe, kafin mu kai ga sunan manhaja ina so ka bincika inda makonni biyun nan suke tafiya. Ka zauna da wanda yake haɗa rahoton, ka bi aikinsa tun daga ranar ɗaya ga wata har ranar da ya miƙa maka takarda, ka rubuta kwana nawa ya yi yana jiran rassa su aiko da nasu, kwana nawa ya yi yana kwafe lambobi daga wannan jadawali zuwa wancan, kwana nawa kuma ya yi yana buga waya yana neman dalilin da ya sa alƙaluman sito suka saɓa da na akanta. Manhajar nazari tana maganin kashi na biyu ne kaɗai, wato kwafe-kwafe da haɗe-haɗe. Jiran rassa ya shafi tsarin aiki, saɓanin alƙaluma kuwa ya shafi ma'anar da kowa yake ba kalmomi, kuma idan ka sayi manhaja alhali waɗannan biyun suna nan, za ka samu rahoto mai kyan gani wanda har yanzu zai makara, har yanzu kuma za a yi gardama a kansa.

Bari in daɗe kaɗan a kan batun ma'ana, domin shi na fi gani yana kayar da kamfanoni. Ka tambayi mutum uku a kamfaninka abin da ake nufi da cinikin watan jiya. Shugaban sashen sayarwa zai ƙirga duk odar da kwastomomi suka bayar, ko an kai musu kayan ko ba a kai ba. Mai kula da sito zai ƙirga abin da ya fita daga hannunsa. Akanta zai ƙirga abin da aka rubuta wa takardar neman biya, sannan ya cire kayan da aka dawo da su, da rangwamen da aka yi, da harajin da ba na kamfani ba. Kowannensu yana da gaskiya a fagensa, amma lambobi uku za ka samu, kuma babu manhajar da za ta raba wannan gardama. Ku ne za ku zauna ku rubuta a takarda ɗaya ma'anar kowane ma'auni: me ya shiga cikinsa, me aka fitar, daga wane littafi ake ɗauko shi, kuma wane ne yake da alhakinsa. Haka ma batun sunaye. Kwastoma ɗaya da aka rubuta sunansa ta hanya uku a rassa uku zai bayyana a allo a matsayin ƙananan kwastomomi uku, alhali mai yiwuwa shi ne babban da kamfanin ya fi dogara da shi. Ba kowane kwastoma da kowane kaya lambar shaida guda ɗaya wadda dukan rassa za su yi amfani da ita aiki ne mai gajiyarwa da ba ya jawo wa kowa yabo, amma a ganina ya fi sayen kowace manhaja amfani.

Game da Excel kuwa, kada ka raina shi. Tun daga Excel 2016 akwai Power Query a cikinsa, wanda yake iya ɗauko fayilolin rassa huɗu daga wuri ɗaya, ya gyara su bisa matakan da aka koya masa sau ɗaya, ya haɗe su duk wata ba tare da wani ya kwafi komai da hannu ba. Kamfanoni da yawa masu girman naka suna biyan kuɗin wannan kayan aiki ba su taɓa buɗe shi ba. Sai dai Excel yana da iyaka, kuma iyakar tana iya cutarwa a ɓoye. Shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, tsohon tsarin fayil ɗinsa kuwa layi 65,536 kawai yake ɗauka. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da lafiyar al'umma ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin cutar korona na mutum 15,841 bai shiga alƙaluman da ake fitarwa kullum ba, kuma dalilin shi ne an yi amfani da wancan tsohon tsarin fayil, layukan da suka wuce iyaka suka zube. Alamomin da za su nuna maka cewa kun girmi Excel su ne: fayil ya yi nauyin da buɗe shi ma aiki ne, ana yawo da kwafi biyar na rahoto ɗaya ba a san wanne ne na ƙarshe ba, mutum ɗaya ne kaɗai ya fahimci lissafin da ke ciki, ko kuma kana bukatar kowane manajan reshe ya ga alƙaluman reshensa kaɗai ba tare da ya ga na sauran ba.

Idan waɗannan alamomi sun bayyana, ga ra'ayina a kan zaɓi. Kamfanin da ma'aikatansa suka saba da Excel ya fi samun sauƙi da Power BI, wanda Microsoft ya fitar ga jama'a a 2015, domin Power Query ɗin da ke cikin Excel shi ne a cikinsa, abin da aka koya a nan yana aiki a can. Manhajarsa ta kan kwamfuta kyauta ce, amma a Windows kaɗai take aiki, kuma biyan kuɗi yana farawa ne lokacin da ake son raba rahoto ga wasu ta intanet. Tableau, wanda aka kafa kamfaninsa a 2003 daga wani bincike na Jami'ar Stanford, ya yi suna wajen zana bayanai da tono su ta fuskoki da yawa, kuma ya fi dacewa da inda ake da ƙwararren mai nazari da zai zauna a kansa kullum. A yadda ka bayyana kamfaninka, ba ni da wata hujjar da zan ce ka fara da shi. Shawarata ita ce ka ɗauki manhajar Power BI ta kyauta, ka zaɓi tambaya ɗaya tak da ke hana ka barci, misali waɗanne kaya ne suka wuce kwana casa'in a sito ba su motsa ba, ka ba mutum ɗaya wata uku ya amsa ta duk mako. Tun a 1958, lokacin da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya yi rubutu a kan irin wannan tsari, manufar ita ce bayani ya isa ga mutumin da zai yi aiki da shi a kan lokaci. Da wannan ma'auni za ka auna gwajin naka: a cikin watanni ukun, wace shawara ce aka yanke wadda da ba a ga alƙaluman ba da ba a yanke ta ba? Idan an samu, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, sai ka sayi lasisi. Idan ba a samu ba, ka tsira da kuɗinka.

Tambaya: Malam, ni ce shugabar sashen kuɗi a kamfaninmu. Wakilan wani kamfanin manhaja sun zo sun nuna mana allunan bayanai masu ban sha'awa, shugabanmu ya ƙyasa, kuma sun ce za su yi mana rangwame mai yawa idan muka sa hannu a yarjejeniyar shekara uku. Me ya kamata in tambaya kafin mu sa hannu?

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, allunan da aka nuna muku an gina su ne a kan bayanan da aka tsabtace aka shirya musamman domin talla, saboda haka ba su gaya miki komai a kan yadda manhajar za ta yi da naku bayanan ba. Abu na farko da za ki nema shi ne gwaji da ainihin alƙalumanku, da duk kurakuran da ke cikinsu, kuma ma'aikacinku ne zai riƙe linzamin kwamfutar, wakilin kamfanin yana gefe yana kallo. Ki ba su tambaya guda da kika riga kika san amsarta daga littattafan da odita ya tantance, ki ga ko za su fito da lambar da ta yi daidai, ki kuma lura da kwana nawa suka ɗauka da mutum nawa suka sa hannu. Duk wahalar da kika gani a wannan gwaji ita za ku riƙa sha bayan an sa hannu.

Sannan ki nemi a yi miki lissafin kuɗin shekara ukun gaba ɗaya a rubuce, domin lasisi wani yanki ne kawai na abin da za ku kashe. Yawancin waɗannan manhajoji suna karɓar kuɗi ne bisa yawan masu amfani, kuma suna bambanta tsakanin mai gina rahoto da mai kallo kawai. Tableau, alal misali, yana da matakai uku na lasisi, na mai ginawa, da na mai bincike, da na mai kallo. Masu gina rahoto a kamfani ba su cika wuce mutum biyu ko uku ba, amma masu kallo suna ƙaruwa duk shekara, kuma a nan kuɗin yake hauhawa ba a ankara ba. Ki ƙara da kuɗin haɗa manhajar da tsarin akantanku, da kuɗin horar da ma'aikata, da kuɗin ƙwararren da za a kira duk lokacin da wani abu ya lalace, da kuɗin rumbun bayanai idan har sai an gina shi. Ki tambaya kuma a rubuce, da kashi nawa za a iya ƙara farashi idan wa'adin ya cika, domin kamfanin da ya gina rahotanni ɗari a kan manhaja ɗaya ba ya da bakin ciniki ranar sabunta yarjejeniya.

Akwai tambayar da mutane ke jin nauyin yi, ni kuwa ita na fi so ki yi: idan muka ce mun fasa, ta yaya za mu fita? A wane irin fayil za a ba mu bayananmu, cikin kwana nawa, kuma lissafe-lissafen da muka gina za su iya tafiya tare da mu ko sai mun sake su daga tushe? Wannan kasuwa tana yawan sauya hannu. A 2019 kamfanin Salesforce ya sayi Tableau a kan dala biliyan 15.7, a shekarar kuma Google ya sanar da sayen Looker, wani kamfanin manhajar nazarin bayanai, a kan dala biliyan 2.6. Wanda kika yi yarjejeniya da shi yau mai yiwuwa wani ne zai mallake shi kafin shekara ukun ta cika, kuma sabon mai shi yana da nasa tsarin farashi. Saboda haka nake ba da shawarar ma'anonin ma'aunai da tsabtatattun bayanai su zauna a ma'ajiyar da kamfaninku ya mallaka, manhajar nazarin ta zama taga ce kawai da ake leƙa su ta ciki.

Kada ki manta da batun sirri. Ki tambayi a wace ƙasa za a ajiye bayanan kwastomominku, wa zai iya ganinsu, kuma ko tsarin ya dace da dokar kare bayanai ta inda kuke aiki. Idan kuna hulɗa da mutanen da ke cikin Tarayyar Turai, dokarsu da ta fara aiki a watan Mayu na 2018 ta tanadi tarar da za ta iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa. Game da rangwamen kuwa, ni da zan ba da shawara a zauren taronku, shekara ɗaya zan ce a sa wa hannu ko da farashin ya ɗan ɗara, a bar ta shekara uku sai an ga yadda ma'aikata suka karɓi abin.

Tambaya: Malam, ni ne mai kamfani, kuma mun yi shekara ɗaya muna amfani da allon bayanai. Duk wata yana nuna mini ciniki yana hawa, amma kuɗin da ke asusun banki kullum raguwa yake yi, har biyan albashi ya fara yi mana wuya. Manhajar ce take ruɗina, in sauya ta?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, kada ka sauya ta tukuna. Ina kyautata zaton gaskiya take faɗa maka, sai dai an tambaye ta abu ɗaya ne kawai, ita kuma shi take amsawa. Ciniki shi ne lambar da ta fi sauƙin ɗorawa a allo, ita ce kuma ta fi daɗin kallo, shi ya sa masu gina alluna suke sa ta a sama da manyan haruffa. Amma tsakanin ciniki da kuɗin da ke asusu akwai ramuka aƙalla uku, kuma ina so ka sa a leƙa kowannensu.

Na farko shi ne lokacin da kuɗinka ke ɗauka kafin ya dawo. Ka sa a lissafa maka kwana nawa kaya suke yi a sito kafin a sayar, a haɗa da kwana nawa kwastomomi suke ɗauka kafin su biya, a cire kwana nawa kai kake ɗauka kafin ka biya waɗanda suka ba ka kaya. A ce kaya suna kwana 60 a sito, masu bashi suna biya bayan kwana 45, kai kuma kana biyan masu kawo maka kaya bayan kwana 30: ke nan kowane kuɗi da ka zuba yana yin kwana 75 a waje kafin ya dawo hannunka. A irin wannan hali ƙaruwar ciniki ita kanta tana shanye kuɗi, domin kowace sabuwar oda tana bukatar ka sayi kaya yau ka jira fiye da wata biyu. Kamfani yana iya durƙushewa yana cikin cin riba a takarda, kuma hakan ya fi faruwa ne daidai lokacin da yake bunƙasa. Ka nemi a jera maka basussukan da kake bi bisa tsufansu, na ƙasa da kwana talatin, na kwana sittin, na casa'in da abin da ya wuce, tare da sunan ma'aikacin da ya sayar da kowane.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne sauyin irin kayan da ake sayarwa. Ga misali da lambobi masu sauƙi. A bara cinikinka 1,000 ne: 600 daga kayan da ribarsu kashi 40 cikin 100 ce, 400 daga kayan da ribarsu kashi 10 ce, ribarka ke nan 280. A bana an inganta aiki, ribar kayan farko ta hau zuwa kashi 42, ta na biyu ta hau zuwa kashi 12, amma kayan farko 300 kawai aka sayar, na biyu kuwa 700. Jimillar ribarka ta zama 210. Kowane sashe zai zo maka da rahoton cewa ya ci gaba, kuma gaskiya ya faɗa, amma kamfanin ya koma baya daga kashi 28 zuwa kashi 21. Ko da cinikin bana ya ƙaru da kashi goma, ba zai cike wannan giɓi ba. Masana lissafin ƙididdiga sun daɗe da sanin irin wannan yanayi, inda kowane ɓangare yake nuna hanya ɗaya jimilla kuma ta nuna kishiyarta, suna kuma danganta shi da sunan Edward Simpson wanda ya yi bayaninsa a 1951. Amfanin manhajar nazari na haƙiƙa a nan yake, domin tana ba ka damar fasa jimilla ka ga abin da ke cikinta bisa kaya, bisa reshe, bisa kwastoma, cikin 'yan daƙiƙu.

Na uku shi ne bashin da kai kake ci. A farkon ƙarni na 20 wani ma'aikacin kamfanin DuPont na Amurka mai suna Donaldson Brown ya fito da hanyar rarraba ribar jari gida biyu, wato ribar da ake samu a kan kowane ciniki, da kuma sau nawa kadarorin kamfani suke juyawa a shekara. Daga baya aka ƙara kashi na uku, wato yawan kadarori idan aka kwatanta su da jarin masu kamfani. Kamfanin da ribarsa kashi 5 ce, kadarorinsa suna juyawa sau 2, kadarorin kuma sun ninka jarinsa sau 1.5, yana samun kashi 15 a kan jari. Wani mai riba kashi 5, juyi sau 1, kadarori ninki 3 na jari, shi ma kashi 15 yake samu, amma kashi biyu cikin uku na abin da yake juyawa na mutane ne, kuma kuɗin ruwa da wa'adin biya suna jiransa. Allon da ya nuna lambar ƙarshe kaɗai zai sa ka ɗauka su biyun ɗaya ne. Ka sa a ɗora waɗannan abubuwa uku, wato lokacin dawowar kuɗi, da ribar kowane irin kaya, da bashin da kake ci, a shafin farko na allonka, a sauko da ciniki ƙasa, sannan a ƙara hasashen kuɗin da zai shigo da wanda zai fita na makonni goma sha uku masu zuwa, ana sabunta shi duk mako.

Tambaya: An ce mana mu biya ƙarin kuɗi domin alƙaluma su riƙa sabuntawa nan take, duk daƙiƙa. Ya cancanta?

Amsa: Malam, ka duba sau nawa kuke yanke shawara a kan alƙaluman. Wanda yake sa ido a kan zambar katin banki, ko injinan masana'anta, ko motocin da ke kan hanya, yana bukatar bayani nan take domin nan take zai ɗauki mataki. Wanda yake duba ribar rassa a taron mako ba ya bukatar fiye da sabuntawar dare ɗaya. Ƙaramin lasisin Power BI na biya ma yana ba da damar tsara sabuntawa har sau takwas a rana, wanda ya wadaci yawancin ofisoshi. Akwai kuma illa: lambar da ke motsi duk minti tana jan manaja ya riƙa tsoma baki a kan hawa da saukar da ba su da wata ma'ana. Ka bar kuɗin nan a aljihun kamfani.

Tambaya: Malam, ni nake kula da ma'aikatan sayarwa. Tunda yanzu muna ganin aikin kowa a allo, ina so in ɗaura alawus ɗinsu a kan yawan sababbin kwastomomin da kowa ya kawo. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ina roƙonka ka yi tunani sosai kafin ka sanar da su. Masanin tattalin arziki na Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun a 1975 cewa ma'aunin da aka mayar abin da ake matsa wa mutane su cimma yakan daina nuna gaskiyar da yake nunawa a da. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na bankin Wells Fargo a Amurka. An ɗora wa ma'aikata adadin asusun da za su buɗe, aka matsa musu lamba, sai suka shiga buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A watan Satumba na 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, ya kuma bayyana cewa an kori ma'aikata kimanin 5,300, daga baya aka ƙiyasta asusun da abin ya shafa sun kai miliyan 3.5. Duk tsawon lokacin alƙaluman bankin suna nuna ci gaba.

A naka kamfanin abin ba zai kai haka ba, amma salonsa ɗaya ne. Za ka ga tsohon kwastoma an sake yi masa rajista da sabon suna, za ka ga an ba da kaya bashi ga wanda aka san ba zai biya ba, za ka ga an yi watsi da tsofaffin kwastomomi masu amana domin kula da su ba ya kawo alawus. Ba na zargin ma'aikatanka da rashin gaskiya; mutum mai iyali yana bin inda aka ajiye masa abincinsa ne, kuma alhakin yana wuyan wanda ya zaɓi ma'aunin. Saboda haka kada ka bar ma'auni ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Ka haɗa shi da wanda zai tsare shi: sabon kwastoma ba zai shiga lissafi ba sai ya biya kuɗin odarsa ta farko ya kuma dawo karo na biyu, a kuma cire duk kayan da aka dawo da su. Robert Kaplan da David Norton sun gabatar da irin wannan tunani a 1992, inda suka ce a auna kamfani ta fuska huɗu tare, wato kuɗi, da kwastomomi, da tsarin aikin cikin gida, da ƙirƙira da koyo, domin kada a gyara ɗaya ta hanyar ɓata sauran. Kuma wanda yake cin alawus a kan lamba kada ya zama shi ne yake shigar da ita cikin kwamfuta ba tare da wani ya tantance ba.

Tambaya: Malam, kasafinmu ba zai ɗauki abu biyu ba. Ko dai mu ɗauki ma'aikacin nazarin bayanai, ko mu sayi manhajar da ke da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka ce mutum zai rubuta mata tambaya da maganar yau da kullum ta ba shi amsa. Wanne za mu zaɓa?

Amsa: Hajiya, ku ɗauki mutum. Irin wannan fasaha tana da amfani, kuma manyan manhajojin duk sun shigar da ita, amma tana amsawa ne daga bayanan da aka ba ta da ma'anonin da aka tsara mata. Idan aka tambaye ta ribar watan jiya a kamfanin da yake da ma'anar riba guda uku, za ta ɗauki ɗaya ta ba da amsa cikin kyakkyawar jimla, ba lallai ta faɗi wadda ta ɗauka ba, mai tambaya kuma ba shi da hanyar gane kuskuren sai ya san lissafin tun farko. Aikin shirya bayanai da daidaita ma'anoni shi ne mafi yawan aikin wannan fanni, kuma yana bukatar wanda zai tashi ya je sito ya tambayi dalilin da ya sa aka rubuta kaya sun fita ranar da aka rufe ma'ajiya. Mai nazari nagari zai iya fara muku aiki da kayan da ba a biya musu lasisi, kamar Metabase ko Apache Superset, waɗanda kowa yana iya saukewa ya girka, ko da yake suna bukatar wanda zai kula da kwamfutar da suke kai da tsaronta, kuma wannan ma kuɗi ne da ya kamata ya shiga kasafi.

Wajen ɗaukar mutumin, ki nemi wanda ya iya SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, domin manhajoji suna zuwa suna wucewa amma shi yana nan tun shekarun 1970. Kada takardun shaida su ɗauke miki hankali. Ki ba kowane mai neman aikin fayil ɗaya na cinikin wata shida da aka cire sunayen mutane daga ciki, wanda kika san akwai kwastoman da aka maimaita, da ranakun da aka rubuta a juye, da kayan da aka dawo da su ba a cire ba, ki ce ya gaya miki reshen da ya fi riba. Wanda ya dawo da zane mai launi cikin awa ɗaya ki gode masa. Wanda ya dawo yana tambayarki me kuke nufi da riba, ya kuma nuna miki layukan da bai yarda da su ba, shi za ki kira zagaye na biyu. Ki kuma duba cikin ma'aikatanku kafin ki tallata gurbin, domin sau da yawa akwai wani a sashen akanta ko sito da ya riga ya san inda kowace lamba take fitowa, kuma koya masa SQL da manhaja ya fi sauri a kan koya wa baƙo yadda kamfaninku yake aiki.